Ranar da Na Saɓa Ogan Ɗiyata a Kafaɗa

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba ko da na so, don 'yan lodin kasuwar Goronyo sun ɗauki alkawarin tuna mini ita har in shiga kabari. Ni manomin albasa ne daga wani ƙauye kusa da Kwargaba, ƙasar Wurno. In albasa ta fito nakan taɓa lodi, in saɓa buhu in jefa a mota. Boko ban yi nisa ba. Na wuce hamsin, gwiwa ta fara ƙara, kuma na kai shekarun da mutum ba ya son tafiyar da ba ta da dalili.

Ina da ɗiya, Uwani (sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa muke kiranta haka). Ita ce ta nace da karatu, kuma cikin duk karatun duniya ta zaɓi tarihi. Ranar da ta gaya mini na ce mata, "Mi za a ci da labarin waɗanda sunka mutu?" Ashe ana ci. Da ta gama, ta samu wuri a wani babban birni, a tsohon gidan sarauta da anka mayar gidan tarihi. Sarki ya daɗe da tashi daga ciki, an bar ginin da kayan mutanen da, jama'a na zuwa kallo, ita kuma tana zagayawa da su tana bayani. Ba zan faɗi sunan garin ba, don dalilin da za ku gane nan gaba.

Sai dai aikin bai zama nata ba tukuna. Gwada ta ake yi, kuma akwai wasu a bayanta masu jiran ta yi tuntuɓe. Kullum ta kira uwarta maganar ke nan: a yi mata addu'a Oga, wato shugaban gidan, ya yarda da ita.

Uwar ce ta tasa ni gaba. "Kai kaɗai na uban da bai san inda ɗiyatai ke aiki ba," in ji ta, safe da yamma. Da na gaji, na bi motar albasa da za ta birnin, lokacin bazara, ana gab da faɗuwar ruwa. Ban gaya wa Uwani zan zo ba, wai in ba ta mamaki. (Na ba ta kuwa.)

Na iso ƙofar gidan da hantsi, riga duk warin albasa, na ce wa mai gadi a kira mini ita. Ta fito cikin hijabi mai guga, da wata 'yar alama rataye a wuya. Da ta gan ni ta yi murna, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan na ga murnar tana tsiyayewa daga fuskarta.

"Baba, yau ka zo?"

"A'a, jibi na zo," na ce.

"Baba, yau ta ranar. Akwai manyan baƙi, kuma Oga da kainai zai bi ni shi ji bayanina. Daga yau za a san ko in zauna ko in koma gida."

Na ce to bari in jira a waje. Ta dube ni, ta dubi rana, tausayi ya kama ta. Ta ce in shigo, amma in tsaya can baya. "Don Allah Baba kar ka taɓa komi. Kar ka tare kowa da labarin albasa. In ka ga abin da bai yi maka ba, ka haɗiye." Na ce mata ni ba yaro ba ne. Kuma Allah ne shaida, duk abin da ta hana ni ban yi ko ɗaya ba. Abin da na yi bai zo mata a rai ba balle ta hana.

A nan sai na ɗan koma baya, in ba haka ba za ku ɗauke ni mahaukaci, kamar yadda mutanen birnin sunka ɗauke ni.

Mu mutanen bakin gulbi ne. Shekarar da ruwa ya yi yawa, ko anka saki na dam, wato madatsar ruwa, ƙasa takan sha ta ƙoshi, gidajenmu na laka su jiƙe tun daga tushe. Ɗaki ba ya faɗuwa bai yi sallama ba. Da fari za ka ga ƙasa tana zubowa siririya daga tsakanin azara, wato itacen rufi, kamar gari daga rariya. Sai ka ji wani dum daga bisa. Tsakanin dum ɗin nan da zuwan rufin a kanka, babu lokacin neman takalmi. Wani maƙwabcinmu ya tsaya nema, Allah shi jiƙan shi. Don haka muna da ƙa'ida wadda ba wanda ya rubuta: duk wanda ya fara gani ya yi kuwwa, ya sunkuci wanda ba ya iya gudu, tsoho ko jinjiri, ya fita. Mai ƙafa ya ji da kansa. Haka na fitar da mahaifiyata a kafaɗa wata damina, na bar matata ta biyo da ƙafarta, muna fita ɗakin ya zauna a bayanmu. Tun daga ranar na rufe gidana da kwano, kuma in na shiga ginin ƙasa idona ba ya sauka daga rufi.

To, wannan mutumin ne Uwani ta shigar tsohon gidan sarki.

Baƙin sunka iso, maza da mata, wasu da kwat, wasu da manyan riguna, matan da jakunkuna masu sheƙi, kowa riƙe da waya. Sai ga Oga. Na zaci zan ga ƙaton mutum mai tumbi, sai na ga wani ɗan dattijo siriri, gajere, da tabarau da sanda, hularsa a tsaye kamar an zuba mata kanwa. Yana tafe a hankali yana jan ƙafa ɗaya. Ma'aikata na ganinsa suna gyara tsayuwa. Ni dai idon ɗan lodi gare ni, ban san lokacin da na auna shi ba: bai kai rabin buhu ba.

Munka shiga zauren farko. Gaskiya ko ba a so a faɗe ta, ginin ya ginu. Waje rana kamar ta dafa ƙwai, ciki kuwa sanyi kamar ka sa kai a randa. Bango kaurinsa ya kai mutum ya kwanta a kai. An yi masa zane da laka tun tana ɗanya, ya fito ɓaro-ɓaro, kewaye cikin kewaye, an bi shi da launi ja da shuɗi da fari. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi in shafa, na tuna alkawari na cusa shi a aljihu. Ga tsofaffin akusa, ga takubba, ga rigar ƙarfe da mayaƙa ke sawa, ga wasu manyan tukwane da anka jera a bakin wata ƙofa, wai sun girmi kakan kakana. Akwai ma wata galma cikin gilashi wadda ba ta da maraba da wadda na bari a bayan ɗakina. Na so in yi magana, na haɗiye.

Uwani kuwa sai zuba take. Ta juya harshe ta koma Hausar birni, kamar ba a Kwargaba anka yanke mata cibi ba. Baƙi na tambaya tana amsawa, Oga na gefe yana ɗan gyaɗa kai. Na ce a raina, ashe labarin matattu ma sana'a ce.

Daga nan munka duƙa ta wata gajeriyar ƙofa, wadda tukwanen nan ke gefenta, munka shiga babban soron da sarki ke zaman fada. Nan ne hankalina ya rabu da ni.

Ɗaki ne mai faɗi, rufinsa ya yi sama ya dunƙule kamar an kife ƙwarya. Bakuna na laka sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, an manna wata tasa mai walƙiya a mahaɗar. Baƙi sunka ɗaga waya suna ta "kai, kai, kai". Ni kuwa ginshiƙi nake nema. Babu. Ko ɗaya. Ƙasa mai nauyin motar albasa da lodinta tana rataye bisa kawunan mutane, ba abin da ya tokare ta sai ikon Allah da dabarar wani magini da ya mutu tun ba a haifi kowa ba. Uwani na tsaye a bakin ƙofa tana bayani, ina jin muryarta kamar rediyon maƙwabta, amma ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnena ba. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

Ban san yadda anka yi na bar bayan da anka ajiye ni ba. Na dai tsinci kaina a tsakiyar ɗaki, kai a sama, kusa da Oga.

Sai na gan ta. Ƙasa, siririya, tana zubowa daga tsakanin azara. Ta sauka a kan hular Oga, ta yi ɗan tsibi. Shi bai ma sani ba.

Na ce wa kaina, kai, haɗiye. Nan birni ne. Ƙila ƙadangare ne.

Sai na ji dum.

Daga nan ba ni ne na yi sauran ba, jikina ne. Na buɗe baki da muryar da nake kiran mutum daga wancan ƙetaren fadama: "Ku fita! Ɗaki ya taho! Ku fita!" Na duƙa, na zura hannu tsakanin ƙafafun Oga, na saɓa shi a kafaɗa, na nufi ƙofa.

Abin da ya biyo baya sai dai wanda ya gani. Mata sunka saka salati, maza sunka manta da mata. Wani mai kwat ya tsallake wata igiya da anka gitta, ya faɗa kan shimfiɗar sarki. Ni dai ina gaba. Oga na dukan bayana da hannu biyu yana cewa, "Sauke ni! Kai wane ne? Sauke ni!" Ni kuma ina ce masa, "Yi shiru Baba, ka gode daga baya!"

Na gaya muku ƙofar gajeriya ce. Na duƙa daidai yadda nake duƙawa da buhu. Amma buhu ba ya ɗaga ƙugu. Na ji ƙum, na ji dattijo ya yi wani ƙara kamar an taka ɗan akuya, daga nan bai ƙara cewa a sauke shi ba. Na ratsa zaure, na wuce mai gadi yana riƙe da kofin shayi baki buɗe, ban tsaya ba sai gindin wata bishiya a tsakar fili. Na sauke shi, na jingina shi da kututture, har da ɗan bubbuga shi ya zauna daidai, yadda muke yi wa kaya.

Sannan na juya in ga faɗuwar ginin.

Gini na nan tsaye. Ko gezau. A bisa rufin kuwa ga magina, hannuwa dumu-dumu da laka, sun leƙo suna kallonmu. Ɗaya na riƙe da kwanon da ya gama juye laka daga ciki, wato dum ɗina ke nan. Ya ɗaga murya ya ce, "Lafiya dai ko?"

Kowa ya juyo yana kallona.

Ashe kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an sake yaɓen rufin. Kuma ashe (na ce ku riƙe) maganar da Uwani ke yi ke nan lokacin da nake neman ginshiƙi. Ta gaya wa baƙi da bakinta cewa magina na bisa, in sun ji motsi ko sun ga ƙura kar su damu. Kowa ya ji. Kuwwata ce ta sa sunka manta. Mutum ɗaya ne bai ji ba a ɗakin nan, shi ne uban mai maganar.

Baƙi sunka taru a fili suna haki, wata mata ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Oga na zaune inda na jingina shi, ba hula, tabarau a karkace, kuma na lura bakinsa ya shige ciki, ya ƙara tsufa a ɗan lokacin nan. Ya yi magana, iska kawai ta fito.

Uwani ce ta fito ƙarshe, ba da gudu ba. Ta zo da hularsa da sandarsa. Ta durƙusa ta miƙa masa, sannan ta miƙa masa wani abu a naɗe cikin hankici, ta kau da kai. Ya juya mana baya ya sa. Da ya juyo bakinsa ya dawo. Haƙoran roba ne, sun faɗi a bakin ƙofa lokacin ƙum ɗin nan.

Kalmarsa ta farko ita ce, "Wannan na wane ne?" Kamar ana cigiyar jakin da ya shiga gonar mutane.

Na dubi Uwani. Da ta ce ba ta san ni ba, wallahi da ban riƙe ta ba. Ta ce, "Mahaifina ne, ranka ya daɗe."

Na taɓa faɗawa rijiya, na taɓa shan mari a gaban surukai, amma ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. Na duba ƙasa ko za ta tsage, ita ma ta ƙi, ƙasar birni ce.

Abin da yarinyar nan ta yi bayan haka shi ne ban zata ba. Ta miƙe, ta karkaɗe hijabi, ta fuskanci baƙi ta ba su haƙuri. Ta ce mahaifinta daga bakin gulbi yake, inda ɗakuna ke faɗa wa mutane da damina, kuma abin da sunka gani shi ne yadda ake fitar da tsofaffi a can. Ta ce tun da an fito, bari ta nuna musu yadda ake yaɓen da ya sa wannan ginin bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ta kira babban maginin ya sauko. Wasu sunka yi dariya, mai takalmi ɗaya ta tafi mota ta zauna tana tsaki, sauran sunka bi ta.

Mai gadi ne ya gaya mini sauran, ina zaune gindin bishiya kamar wanda anka yi wa rasuwa. Ya ce lokacin da mutane sunka yo ƙofa, ita ta buɗe hannuwa ta kare tukwanen nan da jikinta, ana bangaje ta ba ta matsa ba. Ko ɗaya bai fashe ba. "Da ɗaya ya fashe, Baba," in ji shi, "da kai da ita sai dai ku kwana wurin 'yan sanda." Ya ba ni shayi. Mutumin kirki, sai dai yana zubawa yana dariya.

Da baƙi sunka tafi anka kira mu ofis. Oga na zaune a gefen ɗuwawu ɗaya, an sa masa matashi. Na cire hula na durƙusa, gwiwa na ƙara. Na ce, "Ranka shi daɗe, laifina na, ba nata ba. Ta hana ni komi, wanga ɗai ta manta." Na ba shi labarin gulbi da azara da mahaifiyata. Ya saurara bai katse ni ba.

Ya ce, "Na ji. Amma mutum nawa ne a ɗakin? Me ya sa ni?"

Nan ya kamata in ce don shi ne babba, ko don girmansa. Amma ni ban iya kwana-kwana ba. Na ce, "Kai na ga ba ka iya gudu."

Uwani ta rufe ido.

Ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ce mu tafi, zai yi tunani. Na kwana gidan ƙanwata, inda Uwani ke zaune. Uwani ko ruwan alwala kawai ta kawo mini ta ajiye. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Washegari ta tafi aiki, ni na tafi tasha. Ina zaune ina jiran mota ta cika sai ga ta. Ta zauna a bencin, ta bar tazara tsakaninmu.

"Ya ce in zauna," ta ce. "Don tukwanen, da don na ƙarasa da baƙi."

Na ce alhamdu lillahi.

"Ya ce kuma kai iyakarka bakin ƙofa. In ma za ka zo garin, a gaya mishi da wuri shi ɗauki hutu."

Na ce ya yi adalci.

Can ta ce, "Baba, da ɗakin ya faɗi da gaske fa? Ni ina ciki."

"Kina da ƙafa," na ce.

"Haka Inna ta ce ka ce mata shekarar ruwa."

Gaskiyar magana, kafin in duƙa in ɗauki tsohon nan ita na fara duba, na ga ita ta fi kowa kusa da ƙofa. Ban san za ta tsaya gadin tukwane ba. Amma ban gaya mata ba, mu ba mu saba da irin wagga magana ba. Na dai ce ta gaida ƙanwata. Ta saya mini ruwa mai sanyi ta miƙo ta taga, kuma da mota ta tashi na hango ta ta rufe baki da hijabi, kafaɗunta na girgiza. Na zaɓi in ɗauka dariya ce.

Na zaci abin ya tsaya can. Ashe cikin baƙin akwai wanda bai saki wayarsa ba ko da yana gudun mutuwa. Hoton ya riga ni isa Goronyo. Yau in na duƙa zan saɓa buhu sai wani ya ce, "A hankali dai, a duba ko wanga na da haƙora." Matata kuwa in mun yi saɓani sai ta dubi rufi ta ce, "Bari in matsa kusa da ƙofa, tunda ni ba Oga ba ce."

Abin da na koya bai da yawa. In ka kai yaro makaranta, ranar da ya tashi magana ka buɗe kunne, ko da labarin matattu yake bayarwa. Kuma kafin ka ceci mutum a garin da ba naku ba, ka tambaya ko akwai magina a bisa. Amma kar in yi muku ƙarya: gobe in na ga ƙasa na zubowa daga azara, na ji dum, zan sake sunkutar tsohon da ya fi kusa da ni, ko gwamna ne. Sai dai wannan karon zan duƙa sosai a bakin ƙofa.